Alƙalami na Uku a Rumfar Ambewadi

Ranar Juma'a da misalin ƙarfe biyu na rana ina zaune a ɗakin karatun da ke bayan tashar mota a Sawargi, inda mu masu jiran aikin gwamnati muke wuni kan littattafan jarrabawa. Wani a kujerar baya ya ƙara wa wayarsa murya, ba wanda ya hana shi. Kwana na biyu ke nan ana ƙidayar ƙuri'un kujerar da masu digiri kaɗai ke zaɓa a majalisar dattawan jiharmu, kuma kusan duk wanda ke ɗakin ya jefa tasa ranar Litinin. A wayar, ɗan jaridar da ke tsaye a ƙofar zauren ƙidaya ya ce an gama, Lauya Narwade ya faɗi da ƙuri'a ashirin da tara. Narwade shi ne namu. Ba shi da jam'iyya, kuma ya shekara shida yana zirga-zirgar kotu kan jarrabawar ɗaukar aiki da ake ta ɗage mana. Sai ɗan jaridar ya ƙara da cewa mutanen Narwade sun ƙi sa hannu, domin a cikin ƙuri'un da aka soke akwai arba'in da uku da aka rubuta da tawada ruwan hoda, talatin da takwas daga ciki kuma nasa ne.

Yarinyar da ke gefena ta yi tsaki, ta ce wane irin sakarai ne zai yi digiri ya kasa bambanta shunayya da ruwan hoda. Na jawo jakata a hankali, na lalubo 'yar takardar da ke ɗauke da lambata ta rajista, wadda na shiga da ita rumfar zaɓe. A bayanta akwai zane biyu, gajeru, gefe da gefe. Ranar Litinin launinsu ɗaya, na gani da idona. Yanzu na hagun yana nan shunayya, na daman kuwa ya koma ruwan hoda kamar alewar yara. Na san wanda ya ja zanen, na san kuma wadda ta sa shi.

Sunansa Digambar Ghodke, amma ban taɓa jin wani ya kira shi da wani abu ba sai Guruji, wato malam. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da zane a makarantar gwamnati ta Sawargi. Ni sunana Rupali. Da na gama firamare a ƙauyenmu babana ya kawo ni gari, ya roƙi Guruji ya ajiye ni a ɗakinsa na baya tare da wasu 'yan mata biyu, na yi shekara biyar ina cin gurasar dawa daga hannun matarsa Manda, wadda muke kira Kaku, wato inna. Ba su haihu ba, saboda haka ɗakin bayan bai taɓa zama babu 'ya'yan wasu ba.

Mahaifinsa manomin ƙwadago ne, wanda duk shekara idan bikin shanu ya zo mutane ke kawo masa bajimansu ya yi musu fentin ƙaho. A nan Guruji ya fara riƙe buroshi. Daga ƙahon shanu ya koma bayan manyan motoci, daga nan ya koma bangon gidaje lokacin zaɓe, yana rubuta sunan wannan ɗan takara da safe, na abokin hamayyarsa da yamma, a titi ɗaya. Da abin da ya tara ya je ya yi takardar koyar da zane. Digiri bai taɓa yi ba. Shi ya sa yakan ce shi ne mutumin da ya fi kowa cika wa masu digiri takardar rajistar zaɓe a Sawargi, alhali shi ba shi da ƙuri'a a ciki. Ranar haihuwarsa ma ba wanda ya sani. Malamin da ya ɗauke shi aji ɗaya ya rubuta masa ɗaya ga Yuni kamar yadda ya rubuta wa duk 'yan ajin, don haka ritayarsa ta faɗo ranar talatin da ɗaya ga Mayun bana.

Abin da duk wanda ya zauna a ajinsa zai fara faɗa a kansa shi ne bai san kalmar babu ba. Kayan zane ba sa zuwa makarantar gwamnati, in sun zo kuwa sun bushe a hanya. Sai ya sa mu daka jan bulo, mu kankare baƙin tukunya, mu jiƙa kurkum, mu matse furen da muka tsinko a bayan aji. Buroshi kuwa gashin jelar akuya ne a tsinken kara. Yakan ce aikin malamin zane a irin makarantarmu shi ne ya san me zai tsaya a madadin me. Aljihun rigarsa kullum a kumbure yake da fensura da alƙaluma, kuma ban taɓa ganin yaro ya zo masa hannu wofi ya koma haka ba. Kaku tana kiransa mai fenti, don ba ta faɗar sunansa. Takan ce ta auri mutumin da zai iya gaya maka sunan kore kala bakwai amma bai san gishiri ya ƙare a gidansa ba. Shi kuma ya ce gishiri ai ba launi ba ne.

Idonsa ne abin alfaharinsa, ba shi da wani. Masu shagon yadi har kiransa suke ya raba musu gardama kan zare.

Kamar kowane malamin gwamnati, an sha jan sa aikin zaɓe. Ya yi goma sha ɗaya, ba a taɓa samun sa da kuskuren ko sa hannu ba. A wannan na goma sha biyun aka ba shi shugabancin rumfar Ambewadi, babban ƙauyen da masu digirin ƙauyukanmu takwas ke jefa ƙuri'a, a ɗakin 'yan aji huɗu na makarantar firamare. Zaɓen majalisar dattawa ba na na'ura ba ne. Takarda ce doguwa, ka shiga bayan labule ka rubuta lamba ɗaya a gaban wanda kake so, in ka ga dama ka ƙara biyu da uku a gaban wasu. Da alƙalamin shunayyan da hukuma ta ajiye kaɗai ake rubutawa. Ko da naka alƙalamin na zinariya ne, in ka yi amfani da shi ƙuri'arka ta tafi kwandon shara. Wannan a manne yake a bangon kowace rumfa da manyan baƙaƙe.

Ni wannan ce ƙuri'ata ta farko a zaɓen, don sai digirinka ya cika shekara uku kake shiga rajista. Na baro Sawargi da tsakar rana, na isa Ambewadi wajen ƙarfe biyu, na tarar da layi har bakin famfon makaranta. Akwai masu goyo, akwai manoman auduga da suka bar gona da digirin tarihi a akwati, akwai wata mai tsohon ciki da aka ba ta kujera. Jar bas ɗin gwamnati ta ƙarshe tana barin Ambewadi ƙarfe huɗu. Wanda ya rasa ta sai washegari, ni kuma washegari da safe ina da gwajin share fage a gari.

Alƙaluma biyu aka ba rumfar. Na farko ya tafi tun da hantsi a aljihun wani mai jefa ƙuri'a da ya saba soke duk abin da ya rubuta da shi a riga. Na biyun ya wuni ba murfi, don ba mai mayar masa. Ƙarfe uku da kwata layi ya zo kaina. Na karɓi takardata, na shiga bayan labule, na ɗora alƙalamin, ya ba ni wani ɗan dishi-dishi ya tsaya. Na girgiza shi, na hura masa iska, na leƙo na ce, “Guruji, ya mutu.”

Ya zo ya karɓa, ya gwada a bayan takardar lambata, ya samu zane ɗaya da ƙyar, daga nan shiru. Ya tura mataimakinsa Bansode ya hau tankin ruwa ya buga waya a kawo wani alƙalami, don nan kaɗai waya ke kamawa a Ambewadi. Bansode ya sauko yana haki ya ce jami'in yankin yana wata rumfa, ya ce a jira shi, minti arba'in ko awa ɗaya. Labari ya bi layi ya fita waje. Nan da nan surutu ya tashi. Wani ya ce da gangan ne, an san ƙuri'un Ambewadi na Narwade ne. Wata ta ce ta bar jariri da surukarta tun safe. Mutane suka fara duba agogo, biyu ko uku suka juya suka nufi tasha.

Dokar ta ce a jira. Duk wanda ke cikin layi kafin ƙarfe huɗu zai jefa ƙuri'arsa ko da rana ta faɗi. Guruji ya san haka, ya kuma faɗa wa mutane sau biyu. Ni ce na tsaya a gabansa da takardar ƙuri'a a hannu, na yi masa magana irin ta 'yar gida.

“Guruji, kai fa? Kai ne za ka ce babu alƙalami? In bas ta tafi ina zan kwana?”

Ya dube ni, ya dubi layin. Ya taɓa aljihunsa, ya tuna ranar ya bar komai a gida saboda doka. Sai ya juya ya buɗe kabad ɗin ajin kamar wanda ya san abin da ke ciki, ya ɗauko fakitin alƙaluman launi na yara, ya zare na shunayya. Ya ja zane a bayan takardata kusa da na farko, ya kai bakin taga, ya karkata ta ga haske. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya kira wakilan 'yan takara su uku da ke zaune a benci ya nuna musu. Biyu suka ɗaga kafaɗa. Sopan Kale, wakilin Narwade, wanda shi ma tsohon ɗalibinsa ne, ya yi dariya.

“Haba Guruji, in kai ka ce shunayya ce, wa zai ce ba ita ba ce? A ci gaba kawai, mutanenmu na tafiya.”

Ni na fara rubutawa da shi. Na yi lamba ɗaya a gaban Narwade, na ninke, na jefa, na durƙusa na taɓa ƙafar Guruji a gurguje don girmamawa, na ruga na kama bas. Mutum arba'in da biyu suka biyo bayana. Jami'in yankin bai iso ba sai da aka rufe akwati.

Tawadar yara ce, mai arha. Kwana uku a cikin akwatin ƙarfe ta saki shuɗin da ke cikinta ta bar jan. Abin da Guruji ya gaya mini ke nan daga baya, ya ce ya sani, ya sha gani a zanen yara da aka manna a bango, amma a lokacin bai zo masa ba. Ya duba launin da ke gabansa, bai yi tunanin launin da zai zama ba.

Kafin a fara ƙidaya ana juye ƙuri'un duk rumfuna wuri ɗaya a cakuɗa su, don kada a san wa ya zaɓi wa. Ke nan ba wanda zai iya cewa ga inda arba'in da ukun nan suka fito. Kuma ba su kaɗai aka soke ba. An soke sama da dubu tara, na masu digirin da suka yi alamar maki, da waɗanda suka rubuta sunansu, da wanda ya rubuta a ba shi aiki. Babu wanda ya nemi ko mutum ɗaya daga cikinsu. Amma kowane shugaban rumfa yana da littafin da yake rubuta abin da ya faru a wuni, yawancinsu kuma ba sa rubuta komai sai an yi lafiya. Da aka buɗe na Ambewadi sai ga shi da kyakkyawan rubutun nan nasa mai kama da bugun inji: ƙarfe uku da minti ashirin, alƙalami na biyu ya bushe, an yi amfani da na shunayya daga kabad ɗin aji huɗu, wakilai sun gani. Har sunan kamfanin fakitin ya rubuta.

Ranar Talata ta makon da ya biyo baya aka dakatar da Guruji daga aiki. Takardar ta ce za a yi bincike, kada ya bar gari, kuma in an same shi da laifin ganganci kora ce. Korarren malami ba shi da fansho, ba shi da takardar gama aiki, wataƙila ma 'yan sanda su biyo baya. Saura masa ƙasa da wata huɗu ya yi ritaya.

Na kwana shida ban je gidan Guruji ba. Ina fitowa da niyyar zuwa, sai na tsinci kaina a ɗakin karatu ina kallon shafi ɗaya har yamma. A can kuwa sunansa ne a bakin kowa. Aka ce jam'iyyar da ta ci ta saya masa fili. Aka ce tun yana saurayi yake musu rubutun bango. Yarinyar nan mai tsaki ta ce da ma tsofaffin nan ba sa son a ɗauki matasa aiki. Ina zaune ina ji, ban ce ni ce ta farko a cikin arba'in da ukun ba.

Da na je a rana ta bakwai, Kaku ce ta buɗe ƙofa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe mai digiri ta tuna hanya. Ba ta hana ni shiga ba, amma shayin da ta kawo mini ba ta zauna ta sha nata tare da ni ba. Bansode na ciki yana yi wa Guruji magana ƙasa-ƙasa. Shawararsa ita ce Guruji ya ce fakitin a cikin kayan da aka ba shi ya gani, ya ɗauka na hukuma ne, rubutun littafin kuma gajiya ce ta sa ya rubuta kabad. Ya ce shi zai goyi bayansa, ba mai iya ƙaryata su, laifin sai ya watse a tsakanin ofisoshi har kowa ya manta.

Guruji ya tambaye shi wa ya haɗa kayan rumfar Ambewadi. Bansode ya ce wani ƙaramin akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma, bai san sunansa ba.

“To ka ga,” in ji Guruji. “Shi ma yana da suna.”

Kaku ta ajiye faranti da ƙarfi daga madafa.

“Ji mini mai fenti. Akawun yana da suna, ni ce ba ni da shi. Shekara talatin ina dafa wa 'ya'yan mutane, yau ko gaisuwa babu mai yi mini a bakin famfo. Wa ya ce ka rubuta? Hannunka ƙaiƙayi yake yi?”

Ya ce abin da ya faru ne ya rubuta. Ta ce abubuwa da yawa sun faru a gidan nan bai rubuta ba. Da Bansode ya fita na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tare ni. Ya tambaye ni yadda gwajin share fagen ya kasance. Na ce an ɗage shi. Ya gyaɗa kai kawai.

Mutanen Narwade sun kai ƙara babbar kotu, kuma lauyoyinsu sun ce ƙarar ba za ta yi ƙarfi ba sai an nuna ba da yardar wakilinsu aka sauya alƙalami ba. Sopan Kale ya rantse a rubuce cewa lokacin yana waje yana shan shayi. Sauran wakilan biyu suka ce ba su tuna ba. Na tare Sopan wata rana a bakin tasha. Ya kawar da kai, ya ce mini, “Rupali, ke ma kin san ba son raina ba ne. Mutum dubu nawa ke jiran kujerar nan? Guruji mutum ɗaya ne.” Na ce masa Guruji ne ya koya masa riƙe fensir. Ya ce shi ya sa abin ke masa ciwo, ya hau babur ɗinsa.

Ranar bikin watsa launi, cikin Maris, wasu samari suka zo da bokiti suka sheƙa wa ƙofar gidan fenti ruwan hoda, na mai, wanda ba ya wankuwa. Na tarar da Kaku tana gogawa da kananzir, idonta jajir. Guruji na tsaye a bayanta da hannu a baya, yana cewa ba su iya haɗi ba, sun cika fari. Ta juyo ta ce in bai shiga ciki ba za ta goga masa tsumman a baki. Ya shiga. A ranar na lura aljihun rigarsa a lafe yake, ba ko fensir.

Cikin arba'in da biyun da suka biyo bayana, na nemi waɗanda na sani don su ba da shaida. Na samu goma sha huɗu. Kowa ya ce Guruji mutumin kirki ne, kowa kuma yana da jarrabawa a gaba, ko aure, ko ɗan'uwa a jam'iyya, ba ya son sunansa a takardar bincike. Mai tsohon cikin nan ta yarda, amma mijinta ya hana. Babana ma ya bugo daga ƙauye ya ce in yi tunani, sunan da ya shiga fayil ba ya fita, ranar tantancewar aiki za a ciro shi. Na yi tunanin kwana biyu, sannan na rubuta sunana a matsayin shaida.

An yi zaman binciken ranar ashirin da huɗu ga Maris a hedikwatar gunduma, a wani ɗaki mai fanka ɗaya. Jami'in da ke jagoranta bai yi tsawa ba, bai ma ɗago kai sosai ba. Na miƙa masa takardar lambata, na faɗi yadda Guruji ya gwada, ya kai taga, ya nuna wa wakilai, na maimaita abin da Sopan ya ce kalma da kalma. Na ɗauka wannan zai wanke shi. Jami'in ya juya takardar, ya dubi zanen biyu, ya tambaye ni ko na ga sanarwar da ke bango. Na ce na gani. Ya ce shugaban rumfa ya san da ita? Na ce ya sani, har ya ce mu jira.

“Ya ce ku jira. Ke nan ya san abin da doka ta ce, sannan ya buɗe kabad?”

Na ce, “Saheb, ranka ya daɗe, ni na matsa masa. Bas za ta tafi.”

“Ke ce shugabar rumfa?”

Na ce a'a. Ya ce wa magatakarda ya rubuta cewa shaida ta tabbatar jami'in ya san doka kafin ya karya ta, ya sa aka manna takardata a fayil. Na nemi in ƙara bayani, ya ce ya isa.

Da aka zo kan Guruji, aka tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya miƙe, ya haɗa tafukan hannu. Ya ce ba wanda ya ba shi ko kofin shayi. Ya ce ya ga mutane suna juyawa za su tafi ba su jefa ƙuri'a ba, shi kuma bai saba ganin yaro ya bar aji don rashin abin rubutu ba. Ya ce ya yarda da idonsa, idon kuma ya ba shi kunya, laifin nasa ne shi kaɗai, kada a taɓa Bansode ko yarinyar nan. Jami'in ya ce nan ba aji ba ne. Guruji ya ce haka ne, Saheb, ya zauna.

A bas ɗin dawowa bai yi maganar zaman ba. Ya ciro gurasar da Kaku ta ɗaure masa a tsumma, ya raba biyu, ya fasa albasa da dunƙulen hannu a kan gwiwarsa ya ba ni rabi. Na ce masa na je in taimaka na ƙara nutsar da shi. Ya ce na faɗi abin da ya faru, shi ma abin da ya yi ke nan, mu biyu sai mu haɗu mu ji da Kaku. Can wajen gonakin rake ya ce abu ɗaya ke damunsa. Mutum arba'in da uku sun taho daga ƙauyuka takwas, sun tsaya a rana, sun koma gida suna ganin sun yi zaɓe.

Wanda ya ci ya riga ya yi rantsuwa, yana zaune a majalisa, wa'adinsa shekara shida. Masu sanin kotu sun ce ƙarar Narwade za ta iya kaiwa nan ba a gama ba. An sake ɗage jarrabawar ɗaukar aikin, ba a sa rana ba. A ɗakin karatu yanzu an san ko ni wace ce, kujerun da ke gefena biyu sukan wuni ba kowa.

A makarantarsu al'ada ce duk malamin da zai yi ritaya a tara yara a fili, a yafa masa mayafi, a miƙa masa kwakwa, ya yi jawabi. Su biyu ne za su tafi a ƙarshen Mayu, duk 'yan ɗaya ga Yuni. An fara karɓar gudummawar bikin malamin lissafin, an buga sunansa a allo. Shugaban makarantar ya gaya wa Kaku a kasuwa cewa na Guruji sai an ga abin da takarda ta ce. Da ma Guruji ya daɗe yana cewa idan ya ajiye alli zai bi masu tafiyar ibada a ƙafa zuwa Pandharpur da farkon damina, har ya sayi takalmin tun bara. Yanzu ba shi da izinin wuce tashar mota. Ya rame, ya daina fita sai bakin ƙofa, kuma likita ya ƙara masa maganin hawan jini.

Rahoton binciken ya bar gunduma tun tsakiyar Afrilu, ya tafi ofishin yanki. Na je can sau biyu. Karo na farko aka ce mai fayil ɗin yana hutu. Karo na biyu wani akawu ya tausaya mini, ya ce abu uku ne: ko gargaɗi ya yi ritayarsa, ko kora, ko kuma talatin da ɗaya ga Mayu ta zo ba a yanke komai ba, a riƙe masa komai har sai an yanke, abin da kan ɗauki shekaru. Na tambaye shi wanne ya fi zato. Ya ce zaɓen da aka faɗi da ashirin da tara dole a samu wanda za a nuna, amma shi akawu ne kawai. Amsar za ta zo ta gidan waya, a wasiƙar da ake sa hannu kafin a karɓa.

Mai raba wasiƙu yana bi ta layin su Guruji tsakanin sha ɗaya da sha biyu. Kullum nakan rufe littafi in je in zauna da su a wannan lokacin, Kaku na tsince shinkafa, Guruji na kan kujerarsa da tabarau a hannu. Yau tara ga Mayu. Mai wasiƙun ya wuce da kekensa bai tsaya ba. Saura kwana ashirin da biyu, har yanzu ba mu ji komai ba.